Sunan gidansu na nufin "Mutuwa", Umma ta ce sai ya canza kafin a ɗaura

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, shekarata 31, ina aikin jinya a wani asibiti a gabashin Ingila, yau shekara biyar. A nan na haɗu da wani Bature mai gyaran na'urorin asibiti, wanda ya musulunta tun kafin mu san juna. Bara ya je har gida ya gaida su Baba. Baba ya sa aka bincika, limamin masallacin da yake sallah ya yi masa kyakkyawar shaida, aka sa rana bayan Babbar Sallah. Da aka zo buga katin gayyata sai ƙanina ya ga sunan gidansu, Death, ya fassara wa Umma cikin wasa, ya ce ai Mutuwa ke nan. Tun ranar Umma ba ta da sukuni. Ta binne 'ya'ya biyu kafin ta haife ni, har yau Kaka tana kirana Ayashe. Umma ta ce ba za ta ɗauki 'yarta da hannunta ta kai gidan mutuwa ba, ko ya canza sunan ko a fasa. Goggo tana ƙara zuga ta. Baba ya yi shiru, ya ce in je mu daidaita da uwata. Shi kuma saurayin ya ce duk abin da aka nema zai yi ban da wannan, don mahaifinsa ya rasu shekara biyu da suka wuce, shi kaɗai ne namiji, sunan ya kusa ƙarewa a danginsu. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, gabana yakan faɗi in na tuna 'ya'yana za su ɗauki wannan suna. Daga ina sunan ya fito, kuma da gaske abin da yake nufi ke nan? Ina ƙaunarsa, ba kuma zan iya aure Umma tana kuka ba.

Wata ƙanwarki daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan tsaka mai wuya, Allah Ya kawo mafita. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da Kaka take kiranki da shi. Zan dawo kansa. Bari in fara da abin da kika tambaya, don ba a lallashin uwa da abin da mai lallashin bai sani ba.

Ƙaninki bai yi ƙarya ba, kalmar da Ingilishi mutuwa take nufi. Amma yadda ta zama sunan gida labari ne daban. Turawan Ingila a da suna ɗaya kowa yake da shi, sai laƙabi in an so a bambanta wane da wane. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci ƙasar a 1066 sai manyan masu filaye suka fara gadar da laƙabi ga 'ya'yansu, talakawa suka biyo baya sannu a hankali, har zuwa wajen 1400 mafi yawan gidaje sun samu sunan da ake gado. Wani daga sana'a aka samo nasa, kamar Smith, wato maƙeri, wanda har yau ya fi kowane yawa. Wani daga garinsu, wani daga sunan ubansa, wani kuma tsokana ce ta maƙwabta ta bi shi har kabari ta kuma bi jikokinsa. Ke da kika tashi a Katsina kin san wannan. Akwai gidan da ake ce wa gidan Dogo alhali duk mutanen ciki gajeru ne, Dogon ya rasu tun kafin a haifi kakanninsu.

Masana sunayen Ingila suna kawo fiye da hanya ɗaya kan wannan suna. Ta farko, a zamanin da garuruwa irin su York da Chester sukan shirya wasannin kwaikwayo na addini a lokutan bukukuwa, ana yawo da su kan amalanke, kuma a irin wasannin wancan zamani akan samu wanda zai fito a matsayin Mutuwa, wani Sarki, wani Fafaroma. Wanda ya saba fitowa a matsayi guda kowace shekara sai sunan ya manne masa. Ana ganin haka wasu gidajen King da Pope suka samo nasu. Ki tuna tashe da azumi: yaron da ya fito tsoho da gemun auduga shekara uku a jere, ai sai unguwa ta mayar da shi Tsoho har ya yi gemun gaske. Ta biyu, laƙabi ne kawai na mutum ramamme ko mai murtuke fuska, irin wanda mu za mu ce kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ta uku, akwai wani gari mai suna Ath a lardin Hainaut na Beljiyam, mutumin da ya fito daga can da Faransanci ana ce masa de Ath, wato ɗan garin Ath, kamar mu ce Bakatsine. In aka haɗe kalmomin biyu a rubutu, ga sunan nan ya fito. Wannan bai zama abin mamaki ba, don masaƙa daga wancan yanki sun yi ta ƙaura zuwa gabashin Ingila tun ƙarni na 14, har yau a Colchester akwai unguwar da ke ɗauke da sunan 'yan Holan. Sai dai in gaya miki gaskiya, masana da yawa suna ganin galibin gidajen da ke rubuta De'Ath ko D'Eath daga baya suka saka wannan 'yar alamar don su rage wa sunan kaifi. Kada ki je ki rantse wa Umma cewa kakanninsa 'yan Beljiyam ne alhali ba ku tabbatar ba.

Wannan suna ɗan yankin da kike zaune ne, an fi samunsa a Suffolk da Essex. Kuma saurayinki yana da gaskiya da ya ce yana ƙarewa. A ƙidayar 1881 mutum 1,133 ne ke ɗauke da shi a Birtaniya. Wani bincike da aka fitar a 2009 ya samu saura 605 a 2008, duk da yawan jama'ar ƙasar ya ninka a tsakanin. Ba annoba ce ta cinye su ba, gajiya suka yi da ba'a, wasu suka canza rubutun, wasu suka ajiye sunan, wasu suka yi ƙaura. Da yawa cikin masu riƙe da shi ma ba sa furta shi kamar kalmar mutuwa: wasu suna jan wasalin, kamar a ce Diit, wasu su raba shi biyu, Di-At. Tambayi saurayinki yadda mahaifinsa yake furtawa. Tambaya ce ƙarama amma za ta yi miki amfani gaba. Shi kuma ƙanin naki mai fassara, in ɗan ƙwallo ne, ki gaya masa an yi wani mai tsaron gida a ƙungiyar Reading, Steve Death, ɗan Suffolk, wanda a 1979 ya yi fiye da minti 1,000 ba a zura masa ƙwallo ba, tarihin gasar lig ta Ingila da ya tsaya shekara talatin sai a 2009 Edwin van der Sar na Manchester United ya karya shi.

To, duk wannan bayani ba shi zai share hawayen Umma ba, kuma kada ki kai mata shi kamar lauya a gaban alƙali. Matar da ta yi wa 'ya'ya biyu sutura tun suna ƙanana, ba ƙamus take buƙata ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ke ce kika tsaya mata bayan biyu sun tafi, sai kika yi nisa shekara biyar, yanzu kuma za ki auri ɗan can, wanda ke nufin can ɗin ya zama gida, jikokinta za su tashi da wani harshe a bakinsu. Ta haɗiye duk wannan ta yi shiru saboda Baba ya amince kuma yaron ba shi da aibu. Sai ga kalma ɗaya ta faɗo wadda ta ba tsoronta suna. Ni a ganina rabin kukan nan na nisa ne, sunan ya samu ƙofa ce a buɗe. In kika warware maganar suna kika bar maganar nisa, gobe wani abin zai taso.

Yanzu ga Ayashe. Kin san dalilin da ya sa ake kiran 'ya'yan mai wabi Ayashe, Ajuji, Ajefas. Ana nuna kamar ba a damu da yaron ba, a yar da shi, a kai juji, ko mutuwa ta ɗauke kai ta wuce. Wato a gidanku da kansa an ɗora wa 'yar da aka fi so suna mai munin ji, kuma babu wanda ya taɓa cewa yasasshiya ce ke. Shekara 31 ana kiranki a yashe, ba a yashe ki ba. Umma ta fi kowa sanin wannan. Amma ba ke za ki faɗa mata ba, daga bakinki zai zama gatse. Kaka ce za ta iya, in tana da ƙarfin zama a yi hira, don ita ta raɗa shi kuma ita ta san ranar da ta raɗa shi.

Ta fuskar addini, ni ba malama ba ce, amma akwai abin da ya shahara wanda kowane ɗalibi ya sani, kuma ba duka ne ke bayan saurayinki ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son suna mai kyau kuma ya canza wa mutane munanan sunaye. Ya mayar da wata mai sunan da ke nufin mai saɓo zuwa Jamila. Ya ce wa Hazn, kakan Sa'idu ɗan Musayyib, ya koma Sahl, shi kuwa ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba, jikan nasa daga baya ya ce tsanani bai gushe a cikinsu ba. Saboda haka in Umma ta ce suna linzami ne, ba daga iska ta ɗauko ba. Sai dai waɗannan sunayen yanka ne na mutum shi kansa, kuma wannan saurayinki ya riga ya yi, tunda na tabbata da sunan Musulunci Baba ya san shi. Nasaba kuwa hukuncinta daban. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da ubanninsu, a kanta ne Zaidu ya koma ɗan Harisa. Uwar Muminai Ummu Habiba 'yar Abu Sufyan ce ɗan Harb, Harb kuwa yaƙi ke nan, ba a goge shi daga nasabarta ba. Sannan hadisi ingantacce ya kore camfi da shu'umci. Ajali ba ya duba katin gayyata. Ki nemi Baba ya kai maganar gaban malamin da Umma take jin maganarsa, wanda take zuwa tafsirinsa, ba wanda kika samo a intanet ba.

Shi ma saurayin naki ina jin ciwonsa. Ya bar abin da ya tashi a ciki, mai yiwuwa ya rasa abokai, ya hau jirgi ya je Katsina ya durƙusa gaban mutanen da ba ya jin harshensu. Abu ɗaya ya ce a bar masa, shi ne abin da ya rage masa na ubansa. In aka tilasta shi ya yar, zai iya yi don ƙaunarki, amma irin wannan bashi ba ya biyuwa, ranar da kuka saɓa zai tuna. Duk da haka ki fahimtar da shi cewa a wajen Umma wannan ba wasan Turawa ba ne na yi wa juna dariya a makaranta. Ki ba shi labarin yayyenki biyu in bai sani ba. Mutumin da ke makokin uba zai gane matar da ke makokin 'ya'ya. Ki kuma lura da yadda zai karɓi maganar. In ya ce ba zai jefar da sunan ba amma a nuna masa abin da zai yi, kin samu miji. In ya ce jahilci ne su sha zamaninsu, to wannan ya fi sunan zama abin dubawa.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a raba maganar gida-gida, don an cure abubuwa uku ne wuri guda. Ke dai sunan bai shafe ki ba. A Musulunci mace da sunan ubanta take tafiya, dokar Ingila ma ba ta tilasta wa amarya ɗaukar sunan miji. Ki faɗa wa Umma wannan a fili, cewa har ki koma ga Allah sunan Baba ne a takardunki. Dama ma'aikaciyar jinya da wannan suna rataye a ƙirji, ai sai marasa lafiya su nemi sallama tun ba su warke ba. A wajen ɗaurin aure kuwa, waliyyi da wakili da shaidu da sadaki ake nema, mai sanarwa zai ce wane ɗan wane, sunansa na Musulunci da sunan yanka na mahaifinsa. A buga katin haka. Ba ɓoye-ɓoye ba ne tunda kowa ya riga ya ji, bin al'adar gidan amarya ne.

Maganar 'ya'ya ita ce mai nauyi, ita ce kuma ke kanki take taɓa ki, don haka kada ki laɓe bayan Umma, ki gaya masa cewa ke ma kina da damuwa. Kuma damuwarki tana da tushe ko ba camfi, yaro mai wannan suna zai sha tsokana a makarantar Ingila, shi ya fi ki sani, ya sha. Dokar can tana ba ku kwana 42 ku yi rajistar haihuwa, kuma iyaye ke zaɓar sunan gidan da za a rubuta, ba dole sai na uba ba. Kuna iya bin tsarinmu, yaro ya ɗauki sunan yanka na ubansa a ƙarshe, sunan gidan ya zauna a tsakiya, yana cikin takarda amma ba shi ake kira a aji ba. In ya girma ya so ya fito da shi, hanya a buɗe take. Ko kuma shi saurayin ya bi sahun waɗanda suka gabace shi ya koma rubuta De'Ath. Harafi ko ɗaya bai faɗi ba, alama ce ta shiga, ana yin hakan da takardar sauya suna da suke kira deed poll. Umma za ta ji Di-At, shi kuma yana ganin sunan ubansa. Zai iya cewa a'a, ubansa bai ɓoye ba shi ma ba zai ɓoye ba, kuma haƙƙinsa ne. Ki ajiye masa a matsayin zaɓi, kada ki mayar da shi sharaɗi. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne ku gama wannan magana kafin aure, kada ku bari sai kina ɗakin haihuwa. Canza sunan gidan yaro bayan an yi rajista wahala ne, kuma kafin ya kai 16 sai duk masu haƙƙin kula da shi sun yarda. Ku kuma tabbata abin da aka rubuta a fasfo ɗaya shi ne a ɗayan, kin san yadda harafi guda ke tsayar da mutum a filin jirgi.

Akwai wani aiki da zan so ku yi tare, ko don kanku. Ingila ƙasar ajiye takarda ce. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, coci-coci kuwa tun 1538 aka umarce su da rubutawa, ƙidayar jama'a har ta 1921 an buɗe ta ga mai son dubawa. Ku bi sunan baya ku ga inda zai kai ku. Mai yiwuwa ku tarar da manoma ne a wani ƙauyen Suffolk, wane ya haifi takwas, wance ta ga jikokin jikoki. Ku haɗa da hotunan da ke gidan mahaifiyarsa, musamman na tsofaffi. Ranar da Umma ta riƙe hoton wata tsohuwa mai furfura zagaye da jikoki aka ce mata wannan kakarsa ce, kalmar za ta fara zama mutane a idonta.

Game da yadda za ki tunkari gida, kada ki yi ta waya. In da hali ki ɗauki hutu ki je, ko na mako ɗaya. Kwanan farko kada ki ta da maganar, ki shiga kicin, ki kwana ɗakinta. Shirun Baba ba ƙi ba ne, ya riga ya ba da ke, yana gudun ya take zuciyar matarsa ne, ya bar miki ƙofa. Ki nemi Kawu, wanda Umma ke jin nauyinsa cikin 'yan uwanta, ya zauna da ita. Goggo kuwa kada ki yi jayayya da ita ko sau ɗaya, ki kai mata turmin atamfa ki ce kin zo neman shawara, ki ba ta wani aiki a bikin da za a ce ita ce a kai. Mai zuga in ya samu kujera a gaba yakan sauya waƙa. Ƙanin nan kuma a ce masa wasan ya isa haka.

Sannan ki zo wa Umma da alkawarin da za ki iya cikawa kan nisa: sau nawa za ki riƙa zuwa, ko za ta zo ta zauna da ke in kin haihu, cewa da Hausa za ki yi wa 'ya'yanki magana, cewa 'yar fari in mace ce ita za a yi wa takwara. Kada ki faɗi wanda ba ki yi shawara da saurayinki a kai ba. Shi kuma ya koyi gaisuwa cikakkiya ya kira ta da kansa, ya ce Umma ina wuni, ya gida, ya haƙuri da mu. Ko ya karya harshe, dariyar da za ta yi ma magani ce.

In duk an yi wannan ta ce ita dai zuciyarta ba ta kwanta ba, ki roƙi Baba a ɗaga ranar da wata biyu ko uku maimakon a fasa ko a ɗaura tana kuka. Ki yi istihara, ki kuma roƙe ta ita ma ta yi da kanta, ki ce mata kin bar mata kwana bakwai ba za ki tambaye ta komai ba. Ki rubuto mini bayan kin dawo daga Katsina, ina son jin abin da Kaka ta ce.